Ƙwace Dukiyar 'Yan Siyasa: Yadda Ake Ƙiyasta Kadara da Auna Tara, Daga Zamfara Zuwa New York

Tun daga shekarar 2007 zuwa yau, babu gwamnan jihar Zamfara da sunansa bai fito a wata takaddama da hukumomin yaƙi da cin hanci ba, ko dai kafin ya hau mulki, ko yana kan kujera, ko bayan ya sauka. Wasu daga cikin takaddamomin tuhumar laifi ce, wasu bincike ne, wasu kuma shari'a ce da aka yi da kuɗin kansu ba da mai su ba. A kusan kowace irin wannan shari'a tambayoyi biyu ne ke raba kan jama'a: nawa ne ainihin darajar dukiyar da ake magana a kai, kuma wane hukunci ne ya yi daidai da abin da aka tabbatar? Waɗannan tambayoyin su ne kuma suka mamaye shari'ar zamba da jihar New York ta yi da Donald Trump a Amurka.

Shari'a da dukiya, ba da mutum ba

A shari'ar laifi, wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifin wanda ake tuhuma har babu sauran kokwanto. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Wannan hanya tana ɗaukar shekaru, kuma sashe na 308 ya kare shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamnoni da mataimakansu, daga gurfana muddin suna kan mulki. Sanatoci da ministoci ba su da wannan rigar kariya.

Akwai hanya ta biyu. Sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ta 2006 ya ba hukumar EFCC damar neman kotu ta ƙwace dukiyar da ake kyautata zaton ta haramtacciyar hanya aka same ta, ko da ba a kama kowa da laifi ba. Hukumar kan je kotu ita kaɗai ta nemi umarnin riƙe dukiyar na wucin gadi. Daga nan a buga sanarwa a jarida, a ba duk mai da'awar mallaka wa'adi, yawanci kwana 14, ya zo ya nuna dalilin da zai hana a mallaka wa gwamnati. Idan bai zo ba, ko bai gamsar da alƙali ba, sai a yanke hukuncin ƙwacewa na dindindin. A 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin wannan hanya a ƙarar da Patience Jonathan, uwargidan tsohon shugaban ƙasa, ta ɗaukaka. A watan Mayun 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar ƙwato dukiyar da aka samu ta hanyar laifi da kula da ita, wadda ta faɗaɗa tsarin.

Masu goyon baya na cewa ba don wannan hanya ba, da mafi yawan abin da aka ƙwato bai dawo ba. Masu suka na cewa ta ɗora wa mai dukiya nauyin wanke kansa, kuma gwamnati mai ci na iya mayar da ita sandar dukan abokan hamayya.

Shari'o'in Zamfara

Mahmud Aliyu Shinkafi, ɗan asalin Shinkafi wanda ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2011, yana cikin mutum huɗu da EFCC ta gurfanar a Babbar Kotun Tarayya da ke Gusau a 2018, tare da tsohon minista Bashir Yuguda. Tuhumar ta shafi naira miliyan 450 da hukumar ta ce kason Zamfara ne daga dala miliyan 115 da ta zargi tsohuwar ministar man fetur, Diezani Alison-Madueke, da rabawa gab da zaɓen 2015. Waɗanda ake tuhuma sun musanta zargin. Wannan shari'ar laifi ce, saboda haka gurfanarwa kaɗai ba ta nufin an same su da laifi.

Ta Abdul'aziz Yari, gwamna daga 2011 zuwa 2019, ta bi hanya ta biyu. A watan Janairun 2021, Mai Shari'a Ijeoma Ojukwu ta Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta amince da buƙatar hukumar ICPC, ta mallaka wa gwamnatin tarayya dala fiye da 669,000 da naira miliyan 24 da ɗoriya da aka samu a asusun banki masu alaƙa da shi. Dalilin kotun shi ne ba a nuna halastacciyar hanyar da kuɗin suka fito ba. Tun da ba hukuncin laifi ba ne, bai hana shi takara ba, kuma a 2023 aka zaɓe shi sanatan Zamfara ta Yamma.

Bello Matawalle kuwa, a watan Mayun 2023, saura kwanaki ya sauka, EFCC ta bayyana cewa tana bincikensa kan naira biliyan 70. Ya musanta, ya kuma zargi shugaban hukumar na lokacin, Abdulrasheed Bawa, da neman cin hancin dala miliyan 2 daga gare shi, zargin da Bawa ya ƙaryata. A watan Yuni 'yan sanda suka kwashe motoci kusan 40 daga gidajensa, waɗanda sabuwar gwamnati ta ce na jiha ne, lamarin da ya kai su kotu. A watan Agustan wannan shekarar aka naɗa shi ƙaramin ministan tsaro.

Shari'ar da ta fi nuna iyakar ikon hukuma ita ce ta Dauda Lawal, gwamnan da ya gaji Matawalle, wadda ta faru tun yana babban darakta a First Bank. A watan Fabrairun 2017, Mai Shari'a Muslim Hassan na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya ba da umarnin ƙwace naira biliyan 23.4, da naira biliyan 9.08, da dala miliyan 5, waɗanda EFCC ta danganta da dala miliyan 153 da ta ce an karkatar daga kamfanin mai na ƙasa a zamanin Diezani. Lawal ya ƙalubalanci ƙwace biliyan 9.08 ɗin, yana mai cewa ba kuɗin sata ba ne, ya tattaro su ne yana tsare a hannun hukumar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba shi gaskiya a 2020, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a watan Maris 2021, ta ce a mayar masa da kuɗin. Darasin hukuncin shi ne zato kaɗai bai isa ba: sai hukuma ta nuna igiyar da ta ɗaure takamaiman kuɗin da haramtaccen aiki.

Abin da ya faru a New York

A watan Satumban 2022, babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta kai Trump da 'ya'yansa da kamfaninsa kotu. Ba ta nemi a ɗaure kowa ba. Zarginta shi ne sun shekara goma suna kumbura darajar kadarorinsu a takardun da suke ba bankuna da kamfanonin inshora, domin su sami rance mai sauƙin ruwa.

Misalai biyu ne suka fi shahara. Gidan Trump mai hawa uku a saman benen Trump Tower an rubuta faɗinsa ƙafa murabba'i 30,000, alhali ainihinsa 10,996 ne. Wannan magana ce ta awo, ba ta ra'ayi ba. Na biyu shi ne Mar-a-Lago a jihar Florida. Daga 2011 zuwa 2021 ofishin harajin yankin Palm Beach ya ƙiyasta shi tsakanin dala miliyan 18 da miliyan 27.6, su kuwa takardun Trump suka sa shi tsakanin miliyan 426 da miliyan 612. A nan aka yi ja-in-ja sosai. Lauyoyin Trump da dillalan gidaje da dama sun ce ƙiyasin haraji ba farashin kasuwa ba ne. Masu ƙara suka ce Trump da kansa ya sa hannu kan yarjejeniyar da ta taƙaita amfani da wurin a matsayin kulob, amma ya ƙiyasta shi kamar gidan zama da ba shi da wani ƙaidi.

Ranar 16 ga Fabrairu, 2024, Mai Shari'a Arthur Engoron ya umarci Trump da kamfanoninsa su biya kusan dala miliyan 355, wanda da kuɗin ruwa ya haura miliyan 450, ya kuma hana shi shugabantar kamfani a jihar na shekara uku. Lissafin ya ƙunshi kimanin miliyan 168 na kuɗin ruwan da ya tsira da su saboda rancen mai sauƙi, da ribar sayar da wani otal a Washington da filin wasan golf a New York. Hujjar Trump ita ce an biya bankunan kuɗinsu cif, babu wanda ya yi kuka. Amsar masu ƙara ita ce bankunan sun yi asarar ruwan da ya kamata su karɓa, kuma ƙarya a kasuwa tana cutar da ɗan kasuwa mai gaskiya. Ranar 21 ga Agusta, 2025, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke tarar, inda wasu daga cikin alƙalan suka ce ta wuce kima har ta saɓa wa gyara na takwas na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta tara mai tsanani. Amma kotun ta bar hukuncin da ya ce an yi zamba.

Hanyoyi uku na ƙiyasta kadara

A Najeriya, doka ta 1975 ta keɓe aikin ƙiyasta gidaje da filaye ga ƙwararrun da hukumar rajistarsu ta ba lasisi. Hanyoyin da suka fi amfani da su uku ne. Ta farko ita ce kwatance: nawa aka sayar da irin wannan gida a unguwar kwanan nan? Ta biyu ita ce kuɗin shiga: nawa gidan ko shagon ke kawowa na haya a shekara, kuma nawa mai hankali zai biya domin ya mallaki wannan hayar? Ta uku ita ce kuɗin gini: nawa za a kashe a sake gina irinsa yau, bayan an cire tsufansa?

Hanyoyin nan na iya ba da adadi uku mabambanta a kan gida ɗaya ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Akwai kuma adadi na huɗu, wato abin da gidan zai kawo idan aka yi gwanjonsa cikin gaggawa, wanda kusan kullum ya fi sauran ƙanƙanta. Saboda haka idan hukuma ta ce ta ƙwato kadarar naira biliyan kaza, sai an san wanne daga cikin huɗun take nufi.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara dagula lissafin. A 2017 farashin gwamnati kusan naira 305 ne kan dala ɗaya, don haka biliyan 9.08 na shari'ar Lawal ya kai kimanin dala miliyan 30. Lokacin da Kotun Ƙoli ta ce a mayar da su a 2021, farashin ya kai kusan 380, kuɗin sun koma kimanin dala miliyan 24. Bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Jinkirin shari'a asara ne ga duk ɓangaren da ke jiran a biya shi da naira, ko gwamnati ce ko ɗan ƙasa.

Gida a Zurmi, gida a Maitama

A Abuja ko Legas mai ƙiyasi na samun cinikayya da yawa da zai kwatanta. A ƙananan hukumomin Kaura Namoda, Shinkafi, Zurmi da Birnin Magaji, waɗanda suka haɗu suka zama mazaɓar Zamfara ta Arewa, lamarin daban yake. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birane, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin gargajiya a karkara. Cinikin gona da fili galibi a gaban dillali da shaidu da mai unguwa ake yi, farashin kuma ba ya shiga wani kundi da jama'a za su duba.

Ga kuma matsalar tsaro. Kaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929 kuma inda kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya take, tana da masu haya daga cikin ɗalibai da ma'aikata, don haka hanyar kuɗin shiga na iya aiki a can. Shinkafi ta dogara da babbar kasuwarta ta mako-mako, kuma a 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya domin yaƙi da 'yan bindiga, rumfa da shago sun daina kawo abin da suka saba. A ƙauyukan Zurmi, gonar da mai ita ba ya iya zuwa sai ya biya 'yan bindiga haraji ba ta da darajar da take da ita a da, komai kyan ƙasarta.

Sakamakon haka shi ne katafaren gidan da ɗan siyasa ya gina a garinsu na iya cinye ɗaruruwan miliyoyi, amma a rasa mai saye a gwanjo. Idan aka auna da kuɗin gini, gidan hujja ce babba kan cewa mai shi ya kashe abin da ya fi ƙarfin albashinsa. Idan aka auna da abin da gwamnati za ta samu in ta sayar, ƙila bai taka kara ya karya ba. Lauyan mai gida zai riƙe adadi na biyu, hukuma ta riƙe na farko.

Fom ɗin bayyana kadara

Jadawali na biyar na kundin tsarin mulki ya wajabta wa masu riƙe da muƙami su bayyana dukiyarsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. Duk dukiyar da ta ƙaru wadda albashi, ko halastacciyar kyauta, ko rance ba za su iya bayyana ta ba, ana ɗaukarta a matsayin karya ƙa'ida sai mai ita ya nuna akasin haka. Kotun ɗa'ar na iya sauke mutum daga muƙami, ta hana shi riƙe wani har shekara goma, ta kuma ƙwace dukiyar.

A nan ma kumbura daraja na da amfani ga mai mugun nufi. Wanda ya rubuta dukiyar da ba shi da ita ranar rantsuwa ya buɗe wa kansa ƙofar cewa abin da ya tara daga baya tsohon arziki ne. Irin wannan zargi na cikin tuhumar da aka yi wa Bukola Saraki a 2015, wadda Kotun Ƙoli ta wanke shi daga ita a watan Yulin 2018. Hukumar ba ta sakin fom ɗin ga jama'a, sai wanda ya ga dama ya bayyana nasa, kamar yadda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi a 2007 da ya bayyana dukiyar naira miliyan 856.

Tara: ta yi yawa ko ta yi kaɗan?

A New York gardamar ita ce tara ta yi yawa. A Najeriya kukan da aka fi ji shi ne ta yi kaɗan. A watan Disamban 2008 kotu a Enugu ta ci tsohon gwamnan Edo, Lucky Igbinedion, tarar naira miliyan 3.5 bayan sulhu da EFCC, tare da mayar da miliyan 500 da gidaje uku. A watan Janairun 2013 wata kotu a Abuja ta yanke wa John Yusuf, jami'in asusun fanshon 'yan sanda, ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000 a badaƙalar da ta haura biliyan 20, duk da cewa an ƙwace masa gidaje 32. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da biyan biliyan 22.9 a 2018, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022. Kuɗin da a 2013 suka kai kimanin dala miliyan 145, a 2022 ba su wuce miliyan 55 ba.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Akwai mayar da abin da aka ɗauka, akwai ƙwace ribar da haramtaccen aiki ya haifar, akwai kuma tara domin horo. Na farko da na biyu lissafi ne, kuma sun dogara kacokan kan ƙiyasi mai inganci. Na uku ne ke buƙatar ma'aunin alƙali.

Zamfara na da nata tarihin wannan muhawara. A watan Maris 2000, watanni biyu da fara aiki da dokar laifuka ta Shari'ar Musulunci a zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, aka yanke hannun wani mutum saboda satar saniya. A fiƙihun Malikiyya haddin sata na buƙatar abin da aka sata ya kai nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma a ɗauke shi a ɓoye daga ma'ajiyarsa. Jami'in da ya ci dukiyar da aka ba shi amana kuwa, mafi yawan malamai na ɗaukar aikinsa ha'inci ne, hukuncinsa ta'aziri ne gwargwadon ganin alƙali, tare da mayar da dukiyar. Tarihin Musulunci ya kuma nuna Halifa Umar ɗan Haɗɗabi yana rubuta dukiyar gwamnoninsa lokacin naɗi, yana karɓe rabin abin da ya ƙaru idan bai gamsu da asalinsa ba.

Ina kuɗin ke tafiya?

Dokar 2022 ta tanadi asusu na musamman a Babban Bankin Najeriya domin kuɗin da aka ƙwace. Wannan bai warware tambayar da ta fi damun mutanen jiha ba. A 2021, lokacin da Birtaniya ta dawo da fam miliyan 4.2 masu alaƙa da tsohon gwamnan Delta, James Ibori, gwamnatin tarayya ta ware su ga gadar Neja ta biyu da hanyoyin Legas zuwa Ibadan da Abuja zuwa Kano, duk da ƙorafin jihar Delta cewa kuɗinta ne. Haka ma kuɗin da kotu ta ƙwace a shari'ar Yari gwamnatin tarayya aka mallaka wa.

Kula da kadarar ma aiki ne. Gidan da aka rufe yana lalacewa, motar da aka ajiye a rana tana rasa daraja. A watan Yulin 2020 aka dakatar da Ibrahim Magu daga shugabancin EFCC, kuma cikin zarge-zargen da kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami ya bincika akwai saɓanin alƙaluman dukiyar da aka ƙwato, zargin da Magu ya musanta.

Don haka duk labarin ƙwace dukiyar ɗan siyasa yana buƙatar a duba abubuwa biyar kafin a yanke masa hukunci: umarnin na wucin gadi ne ko na dindindin, an ɗaukaka ƙara ko ba a ɗaukaka ba, wa ya yi ƙiyasin kuma da wace hanya, a wace shekara aka lissafa adadin kuma a wane farashin dala, sannan wane asusu kuɗin suka shiga, na tarayya ko na jihar da aka ce daga aljihunta suka fita.